Mai Gyaran Keke a Gaɓar Tekun Holan

Jirgin ruwan da ke tasowa daga Harwich ta Ingila da dare yana isa Hoek van Holland da safe. A watannin zafi, cikin masu fitowa daga cikinsa ba a rasa masu keke, kowa da mangalarsa gaba da baya, ga tanti a ɗaure a kan kariya. Wasu bibbiyu suke, wasu iyali guda, amma a kan samu mutum ɗaya tilo da ya ƙudura cewa ba zai kwana ba sai a Den Helder, can ƙarshen arewa, tafiyar kilomita 140 ko kusa da haka, Tekun Arewa na hagunsa tun safe har dare. A taswira abin kamar wasa. Babu dutse, babu hawa mai sa haki. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar Holan ma ƙasa yake da matakin teku, kuma tudu mafi tsayi a wannan gaɓa, jigawar Schoorl, da kaɗan ya haura mita 50. Hanyar kuwa don keke aka yi ta, sashe ne na LF Kustroute wadda ta taso daga iyakar Beljiyam ta bi gaɓa har iyakar Jamus, sama da kilomita 600.

Akwai masu sana'ar da ba sa ruɗuwa da taswira. Su ne masu gyaran keke na garuruwan bakin teku, irin su Katwijk da Noordwijk da Zandvoort da Egmond da Callantsoog, waɗanda mutanen ƙasar ke kira fietsenmaker. Abin da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ke yi wa keke da mai keke, a ƙofar shagonsu yake ƙarewa.

Na farko iska ce. Mafi yawan kwanakin shekara daga kudu maso yamma take busowa, shi ya sa masu wayo ke farawa daga kudu su bar ta ta tura su arewa. Sai dai ba ta yi wa kowa alkawari ba. Daga Afrilu zuwa Yuni takan juya ta dawo daga arewa, kuma a ranar da rana ta yi zafi, da la'asar iskar teku kan taso ta bugi mutum ta gefe. Ɗan Holan ba ya cewa yau akwai iska, lambarta yake faɗa: ƙarfin iska huɗu, ƙarfin iska biyar. Biyar ɗin nan gudun kilomita 29 zuwa 38 ne a awa. Lissafin kuwa ba shi da tausayi, domin turjiyar iska tana ninkuwa ne a kan kanta. Mai keken da ke gudun kilomita 20 a awa, idan iska mai gudun kilomita 20 ta fuskance shi, turjiyar da yake turawa ta zama ninki huɗu, ba biyu ba. Hawan dutse yana da ƙarshe, a huta a gangare. Iskar gaba ba ta da gangare. Mutanen ƙasar har gasa suka mayar da wahalar: tun 2013, idan guguwa ta taso, sukan taru a kan madatsar Oosterschelde su yi tseren kilomita takwas da rabi gaba da iska, a kan kekunan gida marasa giya.

Mai gyara ba ya gyara iska, amma ɓarnarta tana zuwa masa. Wanda ya wuni yana taka feda ba sauka ba miƙewa, awa takwas a zama ɗaya, ya juya gwiwarsa sama da sau dubu 30. Idan sirdi ya yi ƙasa da faɗin yatsa ɗaya kacal, kafin azahar gaban gwiwa ya fara zogi. Idan ya yi sama, bayan gwiwa ne zai koka, ƙugu kuma ya riƙa rangaji. Matafiyi kan shigo shago yana neman sabon sirdi mai laushi, a zatonsa taurin sirdi ne matsalar. Ƙwararren mai gyara zai ce masa ya hau tukuna, ya sa dunduniya a kan feda, ya miƙe ƙafa. Ya duba, ya kwance noti ɗaya, ya ɗaga ko ya sauke, ya daidaita hancin sirdin, shi ke nan. Ya rasa cinikin sirdi, kuma ya san ya rasa. A ganina nan ake fara gane wanda ya iya sana'ar da wanda shago kawai ya buɗe.

Na biyu da na uku su ne yashi da gishiri. Daga Scheveningen hanya takan shige cikin jigayi, ta ratsa Meijendel inda ake tace ruwan shan birnin Hague a cikin rairayi, ta yi ta lanƙwasa tsakanin ƙananan tuddai da kurmin ƙaya. Wani wuri kwalta ce, wani wuri jan bulo ne da aka jera, wani wuri kuma farfasasshen ɓawon katantanwar teku aka shimfiɗa. Kowanne da irin ɓarnarsa. Bulo yana girgiza keke har notunan kariya su kwance. Ɓawon nan yana da kaifi, yakan yanka tayar da ta tsufa. Ƙayar jigawa kuwa takan karye a cikin roba ta ɓuya, ta huda tub, a sa sabo ta sake huda shi, sai wanda ya san ya bi cikin tayar da yatsa a hankali kafin ya mayar. Gishirin da iska ke ɗaukowa daga teku yana shiga wayar birki ya sa ta tsatsa daga ciki, ya manne noti da mazauninsa har sai an sa wuta ko an huda shi da inji.

Amma abin da ya fi tsayar da tafiyar mai kaya shi ne karyewar wayar gargare. Ƙafar keken tafiya yawanci wayoyi 36 gare ta, kowace a ɗame take tsakanin cibiya da gargare. Duk juyi ɗaya, wayar da ta zo ƙasa takan ɗan saki, ta sake ɗamewa idan ta haura. Ƙafa mai inci 28 tana cin ɗan abin da ya haura mita biyu a juyi guda, wato tsakanin Hoek van Holland da Den Helder kowace waya za ta saki ta ɗame sama da sau dubu 60, ga nauyin mutum, ga kaya kilo 20 ko fiye. Ƙarfe yana gajiya. Inda wayar ta lanƙwasa ta shiga cibiya, nan take tsinkewa, kusan kullum a ƙafar baya, kusan kullum kuma ta ɓangaren da haƙoran giya suke, domin wayoyin wannan ɓangaren su suka fi ɗauri. Mai keke zai ji ƙas, sai ƙafa ta fara layi tana gugar birki. Ko da yana da sabuwar waya a jaka, ba zai iya zura ta ba sai an cire haƙoran giyar gaba ɗaya, su kuma ba sa fita sai da makulli na musamman da sarƙar riƙewa, kayan da matafiya kaɗan ne ke yarda su ɗauki nauyinsu.

To, a nan ake kallon aikin hannu. Mai gyara zai cire ƙafar, ya auna tsawon wayar da ta karye, domin bambancin milimita biyu ya isa ya sa sabuwa ta ƙi kamawa ko ta zarce ta huda tub. Tsohon shago yana da aljihunan tebur cike da wayoyi iri-iri, wani ma yana da ɗan injin yanke waya da yi mata zare. Idan ya zura ta, sai ya ɗora ƙafar a kan ƙarfen daidaitawa ya juya ta, idonsa na kan tazarar da ke tsakanin gargare da ma'auni. Inda ta karkata dama, ya ɗame wayar hagu da rubu'in juyi, ya sassauta ta dama da rubu'i. Ya sake juyawa. Da yawansu sukan kaɗa wayoyin da farce su saurara, domin wadda ta saki amonta ƙasa yake, wadda ta ɗame da yawa kuma sama. Daga nan ya matse wayoyin bibbiyu da hannu don su zauna a mazauninsu tun a shago, kada su je su zauna a kan hanya ƙafa ta sake karkacewa. Abu na ƙarshe shi ne tambaya: wannan ce ta farko da ta karye, ko an taɓa yi? Idan ta farko ce, Allah ya kiyaye hanya. Idan ta uku ce, duk sauran ma sun gaji, za su bi ta ɗaya bayan ɗaya, kuma gaskiyar da zai faɗa ita ce ƙafar na bukatar sabon saƙi, aikin da ba ya yiwuwa mutum na tsaye yana duba agogo.

Duba agogon nan shi ne rabin sana'ar a bakin teku. Ƙasar da mutanenta miliyan 18 ne tana da kekuna kimanin miliyan 23, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na duk zirga-zirgar jama'a a kan keke ake yin ta. Da zarar sanyi ya wuce, kowa ya fito da kekensa, layin gyara yakan kai makonni. A garuruwan gaɓa kuma ga hayar keke ga 'yan yawon buɗe ido, galibi Jamusawa, wadda ita ce ke riƙe shaguna da yawa a lokacin zafi. Cikin wannan cunkoso sai ga baƙo ya turo keke mai mangala, fuska ta ƙone, ba ya jin yaren ƙasar, ba zai sake dawowa ba har abada. Ta fuskar ciniki ba shi da wani amfani. Ga keken malamar asibitin da ke zuwa aiki da shi gobe da asuba, ga na tsohon da ya shekara talatin yana sayen taya a shagon. Duk da haka da yawansu sukan sauke keken da ke kan ƙugiya su ɗora na baƙon, saboda ɗan gari yana da keke na biyu ko na maƙwabci, shi kuwa matafiyi kekensa ne motarsa, shi ne kuma ɗakinsa. Ba doka ba ce, kuma ba kowa ke yi ba. Wani zai miƙo makulli da famfo ya nuna wa mutum gefen ƙofa ya yi da kansa, wanda shi ma alheri ne.

Gyaran matafiyi kuma hukuncinsa daban ne da na ɗan gari. Ɗauki sarƙa. Yashi idan ya haɗu da mai sai ya zama abin wasa ƙarfe, ya riƙa cin gaɓoɓin sarƙa har ta ƙara tsawo. Akwai ɗan ma'auni da ake zurawa tsakanin gaɓoɓin. Idan ƙarin ya kai rabi zuwa kashi uku cikin huɗu na kashi ɗaya bisa ɗari, lokacin canji ya yi. Ga ɗan gari sai a canza. Amma sarƙar da ta daɗe da wuce wannan iyaka ta riga ta sassaƙe haƙoran giya sun koma siffarta, idan aka sa sabuwa a kansu za ta riƙa tsalle duk sanda aka taka da ƙarfi, wato daidai lokacin da ake faɗa da iska. Saboda haka ko dai a canza su duka, ko a bar su duka. Idan babu haƙoran da suka dace a shago, mai gyara na gari zai goge sarƙar da tsumma, ya ɗiga mata mai kaɗan, ya share ragowar don kada ya kama sabon yashi, ya ce wa matafiyi tsofaffin nan biyu sun saba da juna, za su kai shi gida. Sanin abin da ba za a taɓa ba, shi ma shekaru ake yi kafin a iya.

Faci kuwa, wanda shi ne tushen sana'ar, ya kusa barin shago. Keken gida na Holan sarƙarsa a rufe take cikin akwati don kada ta ɓata tufa, cire ƙafar baya kuwa aiki ne mai cin lokaci. Shi ya sa mutanen ƙasar suka saba yin faci ƙafa na jikin keke: a ɓamɓare taya ta gefe ɗaya, a zaro tub, a hura, a bi shi cikin bokitin ruwa har a ga kumfa, a goge wurin, a shafa sholisho, a jira ya sha iska, a manna. 'Yar gwangwanin faci ta Simson akwai ta a gidaje da yawa. Amma a shago, ladan minti goma sha biyar na ma'aikaci ya fi kuɗin sabon tub, don haka canzawa ake yi. Mai faci na Kano ko Maraɗi zai yi mamaki, shi da kaya ke masa tsada, aikin hannu kuma araha, har tub ɗaya ya sha faci goma. Gwamnatin Holan dai tana ɗan ƙarfafa gyara: harajin da ke kan aikin gyaran keke kashi 9 ne cikin ɗari, maimakon kashi 21 da ke kan yawancin kaya.

Akwai wani tarkon taya da ya haɗa su da mu. Taya iri biyu ake kira inci 28, kuma ɗaya ba ta shiga gargaren ɗaya. Ta kekunan zamani faɗin bakinta milimita 622 ne, ta tsohon keken gida kuwa 635, wadda ita ce dai tayar Raleigh da Phoenix da aka sani a ƙasar Hausa. Shi ya sa mai gyara ba ya sauraron incin da aka faɗa masa, lambar da ke jikin roba yake karantawa. Haka bawul ma iri uku ne, na Holan da na Faransa da irin na mota, kuma famfon da aka ajiye wa jama'a a ƙofar shago ba lallai ya dace da na baƙo ba.

Asalin sana'ar maƙera ce. Henricus Burgers, wanda ya kafa masana'antar keke ta farko a ƙasar a Deventer cikin 1869, maƙeri ne. Kamfanin Gazelle ya samo asali ne a Dieren cikin 1892, lokacin da wani ma'aikacin gidan waya, Willem Kölling, ya fara sayar da kekuna, daga baya ya haɗa gwiwa da maƙeri Rudolf Arentsen. A ƙauyuka, wanda ke yi wa doki takalmi shi ya koma walda bodin keke. Lokacin mamayar Jamus, daga 1942 sojoji suka riƙa ƙwace kekuna, roba ta yi wuya, masu gyara suka koma sa wa gargare tayar katako. Har yau horon bai rabu da koyo a gindin maigida ba: yaro yakan yi kwana huɗu a shago, kwana ɗaya a makarantar koyon sana'a, ya fito da takardar mataki na biyu, mai himma ya ƙara zuwa na uku. Kuma shaguna kullum kuka suke yi cewa hannu bai isa ba.

Abin da ya sauya shagon fiye da komai shi ne keken lantarki. A 2021 fiye da rabin sabbin kekunan da aka sayar a ƙasar masu batir ne, injinsu yana taimakon mai taka feda har gudun kilomita 25 a awa. A gaɓa mai iska, wa zai ga laifin tsohuwa mai shekara saba'in da ta saya? Ta wuce matashi mai mangala tana zaune tsaf, iska ko a jikinta. Sai dai aikin ya tashi daga kunne da yatsa ya koma kwamfuta. Ana jona keke da waya, a karanta lambar matsala a allo, a aika wa kamfani inji ko batir, a jira. Shagon da ba shi da yarjejeniya da Bosch ko Shimano ko wani mai ƙera injin, ba ya ma iya buɗe manhajar. Shaguna da dama sun daina karɓar keken da aka saya ta intanet ko wanda ba irin da suke sayarwa ba. A Yulin 2023 kotu a Amsterdam ta ayyana kamfanin VanMoof a matsayin wanda ya karye. Kekunansa masu tsada ne, kayansu nasu ne su kaɗai, sai ga masu su da kekunan da mai gyaran unguwa ba shi da abin da zai sa musu. Ni dai ra'ayina, darajar keken tafiya ba a nauyinsa ko farashinsa take ba, tana ga ko baƙon makanike a ƙauyen da ba a taɓa zuwa ba zai iya buɗe shi da makullan da ke rataye a bangonsa. Mai keken ƙarfe da birkin waya da sarƙar da kowa ke sayarwa, shi ne ke ba tsohon mai gyara damar yin aikin da ya koya tun yana yaro. Ba mamaki hakan na cikin dalilan da ke sa a tsallake layi da shi.

Idan komai ya tafi daidai, matafiyin zai wuce Zandvoort bayan azahar, ya tsallaka mashigin Tekun Arewa a jirgin fito na Velsen, wanda kyauta ne ga mai keke, ya bar hayaƙin masana'antar ƙarfe ta IJmuiden a baya, ya sake shiga jigayi wajen Egmond da Bergen. A nan ne agogo ke juya masa baya. Shaguna suna rufewa ƙarfe biyar da rabi ko shida, alhali a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare. Awa huɗun ƙarshe, lokacin da ƙafa ta gaji, hankali ya ragu, ga filin Petten inda babu bishiyar da za ta tare iska, babu mai gyara ko ɗaya a buɗe. Wanda ranarsa ta faɗo Lahadi ko Litinin ma tun safe yake cikin wannan hali, domin shaguna da yawa ba sa buɗewa a ɗaya daga cikinsu ko duka biyun. Abin da ya rage masa shi ne tub ɗin da ke jaka, da injin sayar da tub da wasu shaguna ke kafawa a bangon waje, da lambar wayar ANWB idan ya biya kuɗin taimakon keke. Wannan ƙungiya, wadda yau aka fi sanin ta da motocin ɗaukin direbobi, masu keke ne suka kafa ta a 1883. Idan duk sun gaza, sai ya tura zuwa tashar jirgin ƙasa mafi kusa, ya saya wa keken tikitinsa daban.

Shi ya sa mai gyaran da ya karɓi keken da rana ba ya tsayawa kan abin da aka kawo masa kawai. Kafin ya sauke shi daga ƙugiya zai bi notunan kariya ɗaya bayan ɗaya, ya matsa birki ya duba kaurin robarsa, ya juya tayoyi yana tsince ɓawo da ƙaya da bakin allura, ya ƙara iska daidai nauyin kaya. Minti biyar ne, sau da yawa ba ya ma sa su a lissafi. Yakan kuma tambayi inda za a nufa gobe. Idan tsibirin Texel ne, jirgin minti 20 ne daga Den Helder, kuma can masu hayar keke da gyara sun yi yawa. Idan kuwa gabas za a yi zuwa Friesland, gaba akwai madatsar Afsluitdijk da aka kammala a 1932, kilomita 32 miƙe tsakanin ruwa biyu, ba shagon keke. A 2019 aikin ƙarfafa ta ya sa aka rufe hanyar keken da ke kanta, aka riƙa ɗaukar masu keke a bas, don haka zai ce wa matafiyi ya bincika tun da dare ko an buɗe, kuma ya sayi tub na biyu.